Ƙuri'a Arba'in da Ɗaya Daga Ɗaki Guda

"Na danna nawa. Saura naki."

Haka Yaya ya tarbe ni da safiyar Alhamis, ko amsa gaisuwata bai yi ba. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar, ya naɗe hannu a ƙirji.

Na ajiye jakata na duba. Sunan da ke saman allon cikin jan rubutu shi ne Ɗan Adawa.

Ni da Yaya muka gina Ƙasar Gobe shekara huɗu da suka wuce, a wannan ɗan ɗakin da ke bayan shagon gyaran waya, mai fanka guda da kujeru uku. Wasa ne na intanet. Mutum ya shiga da sunan da ya ga dama, ya kafa jam'iyya, ya yi kamfen, a yi zaɓe duk bayan wata uku, wanda ya ci ya kafa gwamnati, majalisa ta yi ta yi masa ihu. Ƙasar ƙarya ce, amma wallahi mutum dubu shida da ke cikinta sun ɗauke ta da zafi fiye da tuwon gidansu. Ni ke gyara ta kullum. In ƙuri'a ta maƙale, ni. In wani ya zagi uwar wani a majalisa, ni. Shi ya sa suke ce mini Mai Makulli.

Doka ɗaya muka kafa tun ranar farko: ba a korar kowa daga wasan sai da makulli biyu, nawa da na Yaya. Ɗaya ya danna, ɗaya bai danna ba, to babu kora.

"Me ya yi?" na ce, duk da na riga na gani.

"Tarkonki ne ya kama shi, ba nawa ba."

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Sati uku na yi ina ɗana tarkon nan don masu buɗe sunayen bogi su zaɓi kansu. In sunaye da yawa suka shigo ta layin intanet guda, suka zaɓi mutum guda, sai ya ware su. Har rawa na taka ranar da na gama shi. Jiya aka rufe zaɓe, Ɗan Adawa ya kayar da Injiniya da ƙuri'a ashirin da uku, karo na farko a shekara uku. Yau tarkona ya ce ƙuri'a arba'in da ɗaya daga cikin nasa sun fito ne daga layi guda.

Ɗan Adawa kuwa shi ne mutumin da nake so. Nas ne a wani asibiti da ke inda motar hayar unguwarmu take ƙarewa. Shekara guda ke nan yana neman aurena, wata bakwai Baba yana ja mana rai da "a dakata tukuna". Sai makon jiya ya ce yau Alhamis da yamma zai ba da amsa.

"Layin intanet ɗin asibitinsu ne," in ji Yaya. "Kowane suna sai da lambar waya ake buɗe shi. Ina nas zai samo lamba arba'in da ɗaya? A fayil ɗin marasa lafiya, Auta. Mutumin da ke satar lambar majinyaci don ya ci zaɓen wasa, shi za ki kawo mana gida?"

"Ba zai yi haka ba."

"To aljanu ne suka yi?"

"Yaya, da Injiniya ne tarkon ya kama, da haka za ka yi saurin dannawa?"

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Kar ki kuskura ki sako shi! Shekara huɗu wasan nan yana zaune a kan babbar kwamfutar ofishinsa, bai taɓa yi mana gori ba. Mutum mai mutunci yana binki, ke kuma kin liƙe wa mai warin magani."

Injiniya abokin Yaya ne tun suna makaranta. Ba shi da wani aibu da zan nuna da yatsa, sai dai in yana magana da ni ji nake kamar yana duba kayan da ya riga ya saya.

"Sakamakon zaɓe yana riƙe," Yaya ya ce. "Mutum dubu shida na jira. Ki danna kafin yamma, ko in kai maganar gaban Baba da takardu."

Na ɗauki jakata na fita, ban rufe ƙofar ba.

*

A mota na sake buɗe jerin sunayen a wayata. Ina karantawa har na zo kan na goma sha bakwai.

Dattijo.

Na ce, "Kai!" da ƙarfi har matar da ke kusa da ni ta waigo.

Dattijo ne ɗan wasan da na fi ji da shi. Duk mako sai ya turo mini shawara. Shi ya ce in ƙara girman rubutu don masu raunin ido. Shi ya roƙe ni in mai da duk maɓallan gefe guda, yadda za a iya yin wasan da babban yatsa kaɗai, wai "wasunmu hannu ɗaya ne gare su a sake". Kwana tara na yi ina wannan aikin. Duk saƙonsa da "Allah Ya yi miki albarka" yake ƙarewa.

To in Dattijo bogi ne, ashe Ɗan Adawa ne ya zauna wata da watanni yana sa mini albarka da bakin tsoho, ni kuma ina jin daɗi kamar wawiya.

Da na isa asibitin, a bakin wata ƙofa mai gilashi na sami Ɗan Adawa, an rubuta Sashen Wankin Ƙoda a samanta. Yana sanye da fararen kayan aiki, da safar hannu a aljihu. Yana ganina fuskarsa ta sauya. Ya yi sauri ya fito, ya ja ƙofar ta rufe a bayansa.

"Me ya kawo ki nan?"

Ba sannu, ba murmushi. Mutumin da ko a waya sai ya tambayi lafiyar kyanwata.

Na miƙa masa wayar. Ya karanta a hankali, ya lumshe ido.

"Mutane ne," ya ce. "Duka arba'in da ɗayan. Awa huɗu suke yi a kwance, inji na wanke musu jini, babu abin yi sai kallon silin. Na nuna wa mutum biyu wasan, sauran suka gani suka shiga. Yanzu har faɗa suke yi a kan kasafin ƙasar. Layin sashen suke hawa, shi ya sa."

Wani sanyi ya ratsa ni. "To shi ke nan! Ba ni sunayensu na gaskiya in kai wa Yaya."

"Ba zan iya ba."

"Mutum biyar kawai."

"Ko ɗaya."

"To matsa in shiga in gani da idona. Minti biyu."

Na taka zan wuce, sai ya sa bayansa a jikin ƙofar, ya ware hannu biyu. Ni ya tare wa hanya kamar wata ɓarauniya.

"Auta, don girman Allah ki koma."

"Ka san yau wace rana ce?"

"Na sani."

"Ka san abin da Yaya zai faɗa wa Baba? Cewa zai yi kai ɓarawon lambobin marasa lafiya ne. Ba wasan kaɗai za ka rasa ba, ni za ka rasa!"

"Akwai mutane a ɗakin nan da ko iyalinsu ba su san suna zuwa ba. Sun ba ni amana."

"Ni fa? Ni ba amana ba ce?"

Hawaye suka zubo mini, na bar su. Mutane na wucewa suna kallonmu, wata mai shara har ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Shekara guda ina faɗa da gidanmu a kanka," na ce. "Goggo ta daina amsa gaisuwata. Yaya ya mai da ni abokiyar gaba a ofishin da muka gina tare. Ban taɓa ce maka ka kawo mini hujja ba. Yau ɗaya na roƙe ka, yau ɗaya tak!"

"Da abin nawa ne, wallahi da na ba ki tun kafin ki buɗe baki."

"Dattijo fa? Kai ne?"

Ya ɗago da sauri. Idanunsa sun yi ja. "Ba ni ba ne."

"To wane ne?"

Ya kau da kai.

"Kana sona kuwa?"

"Kin fi kowa sani."

"To matsa."

Bai matsa ba. Wani inji ya fara ƙara a ciki, wata murya ta kira, "Nas!" Ya dube ni, ya dubi ƙofar.

"In kin danna makullin ba zan riƙe ki a zuciya ba," ya ce. Ya buɗe ƙofar iya faɗin jikinsa, ya shige, na ji ya murɗa mukulli daga ciki.

*

Ban kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Ranki ya daɗe, Mai Makulli. Na ji an samu 'yar matsala."

"Ana dubawa."

"Ni ba kujerar ce ta dame ni ba, wasa ne ai. Sai dai masu ofishinmu sun fara tambaya me ya sa nake ajiye kayan wasu a kwamfutarmu. Da kayan iyalina ne, da amsar ta yi sauƙi. Kin gane ai."

Na gane sarai. Shekara huɗu na aikina, da ƙasar mutum dubu shida, duk suna rataye a jikin wayar wuta guda da ke hannunsa.

"Na gode da tunatarwa," na ce, na kashe. Da na daɗe a layin, da na faɗi abin da ba ya maimaituwa.

*

Ƙarfe biyar falonmu ya cika. Goggo, yayar Baba, ta zo tun azahar ta kama kujerar tsakiya. Yaya ya baje takardu a kan tebur kusa da kwamfutata. Tun da Umma ta rasu shekara biyu da suka wuce ba a taɓa zama irin wannan a gidan ba.

Baba ne ya shigo ƙarshe. Duk Litinin da Alhamis yana zuwa taron tsofaffin malamai, ya dawo a gajiye, ya kwanta. Yau ma haka ya shigo yana jan ƙafa, da rigarsa mai dogon hannu duk zafin da ake yi. Na kawo masa ruwa, ya ɗan jiƙa leɓe ya ajiye.

"Malam, ka ji abin kunyar da 'yarka ta jajibo mana," in ji Goggo.

Yaya ya yi bayani dalla-dalla. Ya iya magana, ba zan hana shi wannan ba. Baba yana saurare, idonsa a ƙasa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Ɗan Adawa ne, Yaya ya aika masa ya zo. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gai da kowa. Goggo ta kau da kai.

"Ga shi nan," Yaya ya ce. "Malam nas, mutanen nan arba'in da ɗaya, akwai su?"

"Akwai su."

"Kawo sunan mutum ɗaya."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Ni ba yayanka ba ne."

Goggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Mutum ya shigo gidan mutane da ƙarya a baki, ko kunya babu. Ke kuma kin tsaya kina zubar masa da hawaye. Uwarki ce ba ta raye, da ba ki yi wannan rashin ta-ido ba."

Maganar ta soke ni, amma Baba nake kallo. Shi ne mai yanke hukunci. Na matsa na durƙusa kusa da ƙafarsa.

"Baba, ka ce wani abu mana."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ban taɓa ganin Baba yana tsoron magana ba sai ranar.

"Abin mai sauƙi ne," Yaya ya ce. "Auta, ba ke kika sa wa saƙon Mai Makulli ƙararrawa ta daban ba? Wadda ke kaɗawa sau uku? Malam nas, ajiye wayoyinka a kan tebur. Duka."

Ya ajiye guda biyu, babba da ƙarama.

"Zaɓi suna ɗaya a jerin ki tura masa saƙo. In mutum ne, yana can gidansa, nan za mu ji shiru. In kuma ta kaɗa a kan teburin nan, ki danna makullinki a gaban Baba, maganar aure ta mutu. Kin yarda?"

Na dubi Ɗan Adawa. Ba ni yake kallo ba. Baba yake kallo, yana girgiza kai kaɗan-kaɗan, yadda ba wanda zai lura sai mai sonsa.

"Na yarda," na ce.

Na jawo kwamfutar. Na wuce sunaye goma sha shida, na tsaya a kan Dattijo. In zan mutu, gara in san abin da ya kashe ni. Na rubuta, "Salamu alaikum, Dattijo. Kana nan?"

Ta gefen ido na ga Baba ya zura hannun dama cikin aljihu, ya ɗan taɓa wani abu, ya fito da hannun.

"Baba, don Allah..." in ji Ɗan Adawa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yi mana shiru!" Goggo ta daka masa tsawa.

Na danna.

Duk muka zuba wa teburin ido. Wayoyin biyu suna kwance, baƙi ƙirin, ko ƙyaftawa ba su yi ba.

Sai ƙararrawar ta kaɗa. Sau uku, tar-tar, wadda na zauna na haɗa da hannuna.

Daga aljihun Baba. Ashe ƙarar wayarsa ya kunna ɗazu.

Ba wanda ya motsa. Fanka kaɗai ke juyawa.

Baba ya ciro wayar, ya kawo ta kusa da ido, ya karanta. Da babban yatsa guda ya rubuta amsa. Kwamfutata ta yi ƙara a gabana. "Ina nan. Allah Ya yi miki albarka."

"Baba?" Muryar Yaya ta koma ta ƙaramin yaro. "Kai da kake cewa wasan banza ne? Me ya kai ka layin asibiti?"

Baba ya ajiye wayar. Ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa na hagu, ya naɗe shi a hankali har gwiwar hannu. Auduga biyu manne da filasta. Jijiya ta kumbura ta yi tudu, kewaye da tabon allura, sabo a kan tsoho.

Goggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, mene ne wannan?"

"Babu wani taron tsofaffin malamai," ya ce. "Wata bakwai ke nan. Ƙodar ce, duka biyun."

Na ji falon yana juyawa da ni. Ruwan da ba ya sha. Dogon hannun riga. Litinin da Alhamis. Wasunmu hannu ɗaya ne gare su a sake. Kwana tara na yi ina gyara wa ubana wasa don ya yi shi a gadon asibiti, ina gida ɗaya da shi ban sani ba.

"Ranar farko da aka kwantar da ni, na ɗaga ido na ga yaron nan da allura a hannu," Baba ya ce. "Na sa shi ya rantse. Na ce 'ya'yana ba su gama kukan uwarsu ba, ba zan ƙara musu wani ba. Ɗazu ina kwance ina jin muryarki a bakin ƙofa, Auta. Na ji duk abin da kika faɗa masa. Na ji ya rufe ƙofar."

Ya juya wajen Ɗan Adawa, wanda har yanzu yake durƙushe, hawaye na bin fuskarsa.

"Ba don na ga aibunka na ja ku wata bakwai ba. Tsoro na ji. Na ce in ka shigo gidan nan, asirina ya tonu. Yau na zauna ina kallo ana kiranka ɓarawo a falona, na kusa barin abin ya wuce a haka. Ka yafe mini."

"Baba, ba ka yi mini komai ba."

"Na yi. Ka turo manyanka. Na ba ka."

Kalmar da na yi shekara guda ina jira ke nan. Na sha zana yadda zan yi in na ji ta, har tsalle na shirya. Sai ga ni a ƙasa, na rungume hannun Baba mai filasta, ina kuka kamar ranar da aka fita da Umma.

Yaya ya tattara takardunsa, suka zube, ya bar su. Ya jawo kwamfutar ya cire makullinsa, jan rubutun ya ɓace. Wayarsa ta fara ƙara a kan kujera, sunan Injiniya na haskawa. Ya dube ta, ya kife ta.

"Zai kashe mana wasan," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba.

"Sai ku nema masa wani gidan," in ji Baba. "Ku biyu kuka gina shi, ba shi ba."

Ya ɗora hannun dama a kaina, ya ɗan jijjiga ni yadda yake yi ina ƙarama.

"Tashi, Mai Makulli. Share fuskarki ki saki sakamakon zaɓen nan. Wata uku muka yi muna kamfen a kwance. Mutum arba'in suna can suna jira, kuma ba dukanmu ne za mu kai zaɓe na gaba ba."